Me ya sa ginin Rijksmuseum ya yi kama da coci?

Malam, idonka bai yaudare ka ba. Pierre Cuypers, wanda ya tsara wannan gidan adana zane-zane na Holan da ke Amsterdam, ɗan Katolika ne da ya ƙware a gina coci-coci. Shi ya sa ka ga hasumiya biyu da tagogi masu gilashi kala-kala. Da aka buɗe shi a 1885, Sarkin Holan, Willem na Uku, ƙin zuwa ya yi saboda wannan kama da coci.

Duba ciki: dogon zaure yana kai mutum har gaban babban zanen Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holan, daidai inda bagadi yake a coci. Daga baya aka shafe adon bangon da farin fenti, abin takaici. Gyaran 2003 zuwa 2013 ne ya dawo da shi a manyan zauruka.