Na Rage Ƙiba Ƙirjina Ya Zube: Ya Halatta A Yi Mini Tiyata A Sa Roba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce, shekarata 33, 'ya'yana huɗu kuma duk na shayar da su. Bayan haihuwata ta ƙarshe likita ya ce lallai in rage ƙiba domin ciwon sukari ya fara kama ni. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauke kilo 36. Alhamdu lillahi sukarin ya lafa, amma ƙirjina ya zube gaba ɗaya, babu abin da ya rage sai fata. Ba na son kallon madubi, ba na yarda maigida ya gan ni da haske. Shi ne ya kawo shawarar a yi mini tiyata a sa roba, ya ce zai biya, kuma ya ji wani malami ya ce in dai don miji ne babu laifi. Wata uku ke nan da na yi yaye, kuma ba mu yanke cewa mun gama haihuwa ba. Ƙarƙashin fatar ma yana yawan yi mini ƙuraje, idan na yi zufa sai wurin ya zama gyambo, na sha shafa magani yana dawowa. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki lafiya. Sauke kilo 36 kina cikin goyo ba ƙaramin haƙuri ba ne, kuma kula da jikin da Allah ya ba ki amana ibada ce idan niyya ta gyaru.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma maganar da kika sa a can ƙarshe, ta ƙuraje da gyambo, ita ce ta tsayar da ni, don a kanta hukuncin yake juyawa. Kin tambayi abu ɗaya, amma a wurin likitoci ayyuka biyu ne daban. Akwai tiyatar da ake yanke fatar da ta yi yawa, a tattara nonon a ɗaga shi, ba tare da an cusa komai ba. Akwai kuma wadda ake tsagawa a sa jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri, a bayan naman nono ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji, domin ya cika ya ƙara girma. Gyambonki daga fatar da ke kwanciya a kan fata yake, inda zufa ke taruwa iska ba ta shiga. Aiki na farko ne maganinsa. Roba ba ta ɗaga nonon da ya riga ya zube sosai, nauyi ma take ƙara wa fatar da dama ta saki.

Saboda haka, idan likita ƙwararriya mai amana ta duba ta tabbatar cewa magungunan shafawa da rigar nono mai tallafewa sun kasa, kuma rage fatar ne zai raba ki da wannan ciwo, to ya halatta a yi miki. Neman magani ne, kuma idan surarki ta gyaru a sanadinsa babu komai a kanki, kada waswasi ya dame ki. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tsaya a kan lafazin “don neman kyau” da ya zo a hadisin Ibn Mas'ud game da masu feƙe haƙora, ya ce a nan haramcin yake, wadda ta buƙaci hakan don magani ko don wani aibi babu laifi a kanta.

Ita kuwa roba, a yadda kika siffanta halinki, ban ga halaccinta ba. Wadda aka cire wa nono saboda ciwon daji, wato kansa, ko wuta ta ƙona ta, ko hatsari ya nakasa ta, ko wadda ɗaya ya fito ɗaya bai fito ba sam, wannan maganarta a sarari take, hadisin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi Annabi ya umarce shi ya sa na zinare, ya ishe ta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 da ta yi a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a shekarar 2007, ta ambaci sake gina nonon da aka cire a cikin abubuwan da suka halatta, haka ma gyara shi idan girmansa ko ƙanƙantarsa ta kai ga ciwo. A ƙudurin nan dai, mai lamba 173, ta hana cire tamojin fuska da tiyata ko allura sai in ya zama cuta. Abin da za a fahimta shi ne, sauyin da ke samun kowa a bisa yadda Allah ya tsara halitta ba a kiransa nakasa. Kwanciyar nono bayan ciki huɗu da shekaru yana cikin wannan babi, ɗan'uwan furfura ne. Za ki ce ai so kike a mayar da shi yadda yake a da. To wadda ta tsufa ta feƙe haƙoranta ma abin da take nema ke nan, ta koma kamar yarinya, kuma malamai sun ce ita ce ma ta fi shiga cikin wancan hadisi.

Ban rufe ƙofar gaba ɗaya ba, domin ramewa irin taki ta wuce ta galibin mata. Idan bayan jikinki ya zauna, likitoci biyu amintattu, waɗanda ba su ne za su karɓi kuɗin aikin ba, suka ce naman ya ƙare har ƙirjin ya zama mummunar siffa da ta fita daga abin da aka saba gani a jikin matan da suka yi shayarwa, kuma ɗagawa kaɗai ba za ta gyara ba, to lamarin ya koma kawar da aibi. A lokacin ki dawo da bayaninsu mu sake dubawa.

Yanzu ga maganar da maigidanki ya ji, cewa in dai don miji ne babu laifi. Ra'ayi ne da ya yaɗu, kuma wasu masu ilmi sun faɗe shi, ban tuhumi niyyarsu ba. Amma rauninsa a fili yake, kuma zan daɗe a kansa don mata da yawa sun shiga ɗakin tiyata da shi.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa wata mata cikin Ansar ta aurar da 'yarta, sai gashin yarinyar ya zube. Ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijin ya umarce ta da ta ƙara wa yarinyar gashi. Ya ce mata a'a, an la'anci masu yin haka. Dubi yadda komai ya haɗu a nan: amarya ce, a ruwayar Asma'u ciwo ne ya zubar da gashin, mijin ya sani, shi ne ma ya nema. Duk da haka amsar ba ta canza ba. Imam Bukhari ya kawo wannan hadisi ƙarƙashin babin da ya sa wa suna “mace ba ta yi wa mijinta biyayya a cikin saɓo”. Da izinin miji yana halatta irin wannan, ai wannan ce ranar da ya kamata a bayyana. Idan kuwa bai halatta gashin da ake ɗaurawa a kwance da hannu ba, ta yaya zai halatta tsaga jiki da wuƙa a cusa baƙon abu?

Suna cewa dalilin hanin shi ne yaudara, kuma mijin da ya biya kuɗin aiki ba a yaudare shi ba. Yaudara ɗaya ce daga cikin dalilai, mun yarda, amma hadisin Ibn Mas'ud da kansa ya faɗi ɗayan da bakinsa: canza halittar Allah don neman kyau. Mai zane a fata da allura da shuni ba ta yaudari kowa ba, mijinta yana kallon zanen a hannunta, amma tana cikin waɗanda aka ambata. Suna kuma kafa hujja da cewa wasu malaman Shafi'iyya sun yarda da ƙarin gashi da izinin miji. Haka ne, amma sun yi maganar ne a kan abin da ba gashin ɗan Adam ba, mai tsarki, wanda ake ɗorawa daga waje, kuma ko a hakan wasu ba su bi su ba. Ɗaukar wannan sassauci a kai shi ga aikin da ake sa mutum barci, a buɗe al'aurarsa, a zubar da jininsa, kiyasi ne tsakanin abubuwan da ba su yi kama ba. Haka hujin kunne, shi ma ba ya zama hujja a nan: matan sahabbai sun cire 'yan kunnensu sun yi sadaka da su ranar idi a gaban Annabi bai hana ba, kuma ciwonsa na ɗan lokaci ne. Ado ga miji abin so ne a shari'a, da lalle da kwalli da turare da zinare da alharini, duk an buɗe miki. Amma izini yana aiki ne a kan abin da mai ba da shi ya mallaka, kuma jikinki ba mallakar mijinki ba ne, ke kanki riƙon amana kike yi masa.

Akwai kuma ɓangaren cutarwa, wanda masu wannan ra'ayi ba sa tsayawa a kansa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa wannan roba ba ta zaman har abada ba ce, duk daɗewarta a jiki haɗarin sake aiki yana ƙaruwa. Jiki yakan yi mata kumsa ya kewaye ta, wani lokaci kumsar ta tsuke ta yi tauri har ta sa ciwo ta karkatar da nonon. Ta silikon tana iya fashewa mace ba ta sani ba, shi ya sa hukumar ta ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. A 2019 aka janye wani nau'i mai kaushin baya na kamfanin Allergan saboda alaƙarsa da wata kansa da ba ta cika faruwa ba. A 2010 kuma aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika robarsa da silikon ɗin da ba a amince a sa a jikin mutum ba, bayan an riga an sa wa mata a ƙasashe da dama. Mai shekara 33 da ta sa yau ta sa a ranta cewa da wuya wannan ya zama yankan ƙarshe. Wadda kansa ta raba da nononta tana ɗaukar wannan haɗari don maslahar da ta fi shi, ke kuwa ban ga abin da zai rinjaye shi ba.

Ko aikin da na ce ya halatta, kada ki yi shi yanzu. Wata uku da yaye ya yi kaɗan, nono yana ci gaba da sauyawa watanni bayan ruwa ya ɗauke, kuma likitoci suna son nauyin jiki ya tsaya wuri ɗaya na tsawon watanni kafin su taɓa fata. Ga shi kina sa ran wata haihuwar. Ciki yana sake buɗe abin da aka ɗinke, kuma yankan da ya bi ta kewayen kan nono yana iya taɓa hanyoyin ruwa ya rage shi, wannan kuwa haƙƙin jaririn da bai zo ba ne. Idan gyambon yana jurewa da magani, ki jinkirta. Idan ya tsananta, ki gaya wa likita a fili cewa kina son sake shayarwa don ta zaɓi yankan da ya dace. Ki tuna ciwo ba ya saurin warkewa a jikin mai sukari, a tabbatar ya daidaita, a duba jininki tun da kin rame da yawa. Aikin yana barin tabo, kada wani ya ce miki ba ya bari. Sharuɗɗan da kika sani suna nan: mace ce za ta yi in akwai, in babu sai namiji amintacce ba tare da keɓancewa ba, a buɗe iya wurin aiki, kuma kada a ci bashin riba dominsa.

Ina yi miki kashedi mai ƙarfi da allurar cika nono da ake yi a ɗakunan da ba asibiti ba, da ƙwayoyi da mayukan da ake tallatawa a intanet ba a san abin da ke cikinsu ba. Ruwan silikon da aka zuba kai tsaye a nama yana bin jiki, yana iya shiga jini ya kai huhu ya kashe. Wannan haramun ne ko da mun bar maganar canza halitta, kada garin neman gira a rasa ido.

Wata magana kuma ta fi damuna da tiyatar: kin ce ba kya yarda mijinki ya gan ki da haske. 'Yar'uwa, wannan ƙirji ya rayar da mutum huɗu da izinin Allah, kuma ramar da kike kuka da ita ita ce ta nisanta ki da ciwon da ke cin ƙoda da ido. Ki tambayi maigidan a natse, shawarar nan daga buƙatarsa ta fito, ko ganin kina ɓoye kanki ne ya sa ya nemo abin da zai faranta miki? Sau da yawa na biyun ne, kowa yana zaton ɗayan ne ke ƙyama. Idan kuwa ƙuncin ya kai ga hana ki barci ko ci, ko yawan kuka, ki ga likitan da ke duba damuwa kafin likitan tiyata, babu kunya a wannan.

Shi kuma, ki karanta masa wannan: bawan Allah, an umarce ka da zama da ita bisa kyautatawa, kuma abin da ya sauya jikinta 'ya'yanka ne. Kuɗin da ka ware ka kai ta da su wurin likitan fata tukuna, a magance gyambon, a kuma rubuta yawan dawowarsa, domin da wannan bayani likitan tiyata zai gane ko rage fatar ya zama dole.

Wallahu a'alam.