Ƙuri'ar jin ra'ayi ta ce gwanina zai ci amma ya faɗi, maguɗi aka yi kenan?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Kafin zaɓe duk wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da na gani a Facebook gwanina ne a gaba, da aka faɗi sakamako sai ga shi ya sha ƙasa, wallahi har yau zuciyata ta ƙi yarda. Wannan ba hujja ba ce cewa an murɗe zaɓen? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya na fahimci zafin da kike ji, amma a'a, wannan kaɗai ba hujja ba ce.

Da farko wadda kika gani a Facebook ɗin ma ba ita ake nufi da ƙuri'ar jin ra'ayi ba, wanda ya ga dama ne yake dannawa, wani ma da akawun uku, kuma yawanci masu ra'ayi irin naki ne a shafin. Ta gaskiya ita ce a zaɓo mutane kamar 1,000 ba tare da son rai ba, birni da ƙauye, maza da mata, masu waya da marasa waya, kuma ko an yi ta yadda ya kamata tana iya kaucewa da kamar kashi 3 cikin 100 sama ko ƙasa, to kin ga idan tazarar 'yan takara kashi 2 ce ai ba ta faɗa miki wanda zai ci ba.

Yawan waɗanda aka tambaya ma ba shi ne ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshin mutum sama da miliyan 2 ta ce Alf Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa, sai abokin takararsa Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48, ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawancin sunayen da ta aika wa takarda daga jerin masu tarho da masu mota ta ɗebo su, talakawa da yawa kuwa ba su ciki. Ga kuma waɗanda za su ce miki suna tare da wane amma ranar zaɓe ba su fita ba, wani kuma tsoro ya sa ya ɓoye ra'ayinsa.

Ba ina cewa ba a maguɗi ba ne fa, ana yi, kuma abin yana ci min rai sosai don shi ke sa mutane su daina fita zaɓe gaba ɗaya. Amma a takardar sakamako ake kama shi. A Malawi kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2019 bayan an ga takardun sakamako da aka goge alƙaluma da Tipp-Ex, farin ruwan nan na goge rubutu, aka sake rubutawa, aka sake zaɓe a 2020 Lazarus Chakwera ya ci. Kotun ƙolin Kenya ma a 2017 ta soke zaɓe kan yadda aka tura sakamako. Alƙalan nan takardu suka duba.

Don haka ki tambayi jam'iyyar gwanin naki, wakilanta sun tsaya a rumfunan zaɓe har aka gama ƙirga? Suna riƙe da kwafin da suka sa wa hannu? Idan an haɗa su sun yi daidai da abin da hukumar zaɓe ta sanar? In akwai bambanci to su garzaya kotu da takardun kafin wa'adin shigar da ƙara ya wuce.