Matacin ruwa na aljihu ya isa ya tsarkake ruwan tafki?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni a Daura nake, sana'ata fataucin dabbobi. Mukan koro shanu a ƙasa daga ƙauyukan Baure da Zango zuwa kasuwar Mai'adua, wani lokaci mu kwana biyu ko uku a daji. Ruwan da muka ɗauko a jarka ba ya kai mu, dole mu sha na tafki ko kududdufi, inda dabbobin ma suke sha. Ƙanena ya aiko mini da wani ɗan matacin ruwa da ake ɗaurawa a bakin gorar roba, an rubuta maikiron 0.1 a jikinsa. Shin in na tace da shi, shi ke nan ruwan ya shawu? Kuma me ya sa bayan kwana biyu ya koma ɗiga da ƙyar?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙanenka ya yi maka gata, kuma kada ka sake fita daji ba tare da matacin nan ba. Sai dai shi kaɗai bai isa ruwan tafkin da mutane da dabbobi ke tarayya a kansa ba. An fi ƙera irinsa don matafiya a tsaunukan Amurka da Turai, inda ƙoramu suke garau kuma jama'a ba ta da yawa. Namu ruwan na damina ja ne wur da laka, ga kashin shanu a baki, ga bahayan da ruwan sama ya kwaso daga bayan gari. Saboda haka aikin hawa uku ne, mataci yana tsakiya: a kwantar da lakar, a tace, sannan a sa kilorin.

Mataci ba ya kashe komai, tarewa yake yi kamar rariya. A cikinsa akwai ɗaruruwan zaruruwa masu rami a tsakiya, jikinsu duk 'yan ƙananan ƙofofi. Lambar da ka gani ita ce faɗin ƙofar. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin mutum kuwa yakan kai wajen maikiron 70. Bakteriyar da ke kawo kwalara da taifot kaurinta wajen rabin maikiron ne, tsawonta ya fi haka, don haka ba ta wuce ƙofar 0.1. Ƙwayoyin da ke kawo doguwar gudawa sun ma fi girma: Jiyadiya ta kai maikiron 8 zuwa 12, Kiriftosforidiyom kuma 4 zuwa 6. Duk waɗannan matacinka zai tare su muddin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke kuɓuce masa shi ne bairos. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in A da na E, masu sa shawara har ido ya yi rawaya, girmansu wajen maikiron 0.03 ne. Na shan inna ma haka. Na gudawar yara, wanda ake kira rota, wajen 0.07. Dukkansu sun fi ƙofar matacinka ƙanƙanta, kuma ta bahayan mutum suke shiga ruwa. Tafkin da ke kusa da ƙauye ko ruga, inda ake wanka da wanki, shi ne matattararsu. Nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mace mai ciki, ka tuna da wannan in za ka kai ragowar ruwan gida. Akwai matatai masu ƙofa 0.02 da ke tare har bairos, amma sun fi tsada kuma sun fi jinkiri. Mai 0.1 ko 0.2 kilorin zai nema.

Ga yadda ake sa shi, bayan an tace. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 guda ɗaya tana isar jarka mai lita 20 ta ruwa garau. Ƙwayoyin suna zuwa da ƙarfi daban-daban, don haka duba takardar kafin ka jefa. In WaterGuard ka samu, wato ruwan kilorin da ake sayarwa a roba, bi awon murfin da aka rubuta a jikin robar. In kuma bilicin wanki kaɗai ke hannunka, ka tabbata marar turare ne, ba a haɗa shi da sabulu ba: ɗigo 2 a kowace lita in ƙarfinsa kashi 5 zuwa 6 ne cikin ɗari, ɗigo 3 in kashi 3.5 ne. Ka girgiza, ka rufe, ka jira minti 30 cif. Ya kamata ka ji ɗan warin kilorin kaɗan in ka buɗe. In babu ko alama, maimaita awon ka ƙara jira minti 15. Bilicin da ya daɗe a rana ƙarfinsa yana raguwa, ƙwayar ta fi jure tafiya.

Za ka iya cewa, to me zai hana a sa kilorin kawai a huta? Dalili biyu. Na farko, Kiriftosforidiyom ba ya jin kilorin a wannan awon, kuma maruƙa na daga cikin manyan masu zubar da shi a kashinsu. Wanda ke shan ruwa bayan garke, shi ya fi kowa buƙatar mataci. Na biyu, laka tana cinye kilorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta, tana kuma ba ta wurin ɓuya. Mataci ya tare abin da kilorin ya kasa, kilorin ya kashe abin da ya wuce mataci.

Batun ɗigar da ka ce kuwa, toshewa ce, kuma lakar ce ta jawo. Ƙwayar yumɓu tana da laushi ƙwarai, takan liƙe a ƙofofin har ruwa ya rasa hanya. Maganin yana farawa tun wajen ɗiba. Ka riga shanu zuwa bakin ruwa, ko ka zagaya gefen da ba su taka ba. Kada ka kwarfo daga ƙasa, kada kuma ka ɗebi na sama-sama mai yauƙi. Nutsa moɗa kamar taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwan. In ƙorama ce mai yashi, tona ɗan rami kamar taku biyu daga bakin ruwan ka bari ya tsattsafo, yashin ya riga ya yi maka rabin aiki.

Daga nan ka zuba ta cikin tsohon ƙyallen auduga mai tsabta da aka ninka huɗu zuwa takwas. Kada ka raina wannan. A Bangaladash an gwada tace ruwa da zanen mata ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi. A nan gida ma, tace ruwa da ƙyalle da ɗan bututun zuƙa na cikin abubuwan da suka kori kurkunu. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da an rabu da shi a 2013.

Sai kwantarwa. In kuna da lokaci, ku ɗebi ruwan da yamma ya kwana a bokiti, da asuba ku tsiyaye na sama a hankali. In ana sauri, a sa alif, wanda wasu ke ce wa alam: kimanin ƙaramin cokali guda shafaffe na garinsa a lita 20. A gauraya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na minti biyar, a bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya. In ya yi yawa ruwan zai yi bauri. 'Ya'yan zogale busassu ma suna yin wannan aikin. A ɓare su, a daka farin cikin ya yi laushi, ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama da ɗan ruwa a zuba, a gauraya kamar na alif, a jira awa ɗaya zuwa biyu. Ruwan zogale ba a ajiye shi ya kwana, a tace shi ranar. Ka lura, alif da zogale suna sa ruwa ya yi fari tas, har ido ya yaudari mutum. Farin ruwa ba shi ne lafiyayyen ruwa ba, sauran hawa biyun suna nan.

Matacin da ya riga ya toshe ana wanke shi ne ta baya. Yawanci yana zuwa da babban sirinji marar allura. Cika shi da ruwan da aka tace, ka kafa shi a bakin da ruwa mai kyau ke fita, ka danna da ƙarfi lokaci guda. Danna a hankali ba ya fidda laka, ruwan zai bi ƙofofin da suke buɗe kawai ya wuce. Maimaita har abin da ke fita ta ɗaya bakin ya daina ja. A ruwa irin naku, yi haka kowace yamma, kada ka jira ya tsaya. In ya bushe da datti a ciki, jiƙa shi awa ɗaya a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, kada zafinsa ya wuce digiri 60, sannan ka wanke. In farin gishirin ruwan rijiya ne ya daskare a ciki, jiƙa shi a ruwan khal rabin awa. Ban da sabulu, ban da tura tsinke ko waya.

Jinkiri ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne matacin da jiya yake ɗiga, yau kuma ba a wanke shi ba yana zuba shaa. Wannan alama ce zaren ciki ya tsinke, kuma ba a gyara shi. Haka in ya faɗo kan dutse, ko sa ya taka shi, ko ruwan da ke fita ya yi duhu-duhu. Duba kuma 'yar zoben robar da ke bakin da ake ɗaurawa a gora. In ta faɗi ko ta murɗe, ruwan tafki zai zuro ta gefe ya gangaro cikin kofinka kana kallo ba ka sani ba. Ɗaurewa da ƙarfi fiye da kima shi ke lalata ta.

Da yawa daga cikin waɗanda suka tace ruwa kuma suka kwanta ciwo, ba matacin ne ya ci amanarsu ba. Gora ɗaya suka yi wa aiki biyu. Ware gorar ɗiba ka ɗaura mata jan zare, kada baki ya taɓa ta. Ta sha daban, mai murfi, kuma a tsiyaya daga gare ta, kada a tsoma kofi. Bakin mataci na fita ya zauna a rufe, kada ya shiga aljihu ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyallen tata. Hannun da ya kama igiya da bindin saniya a wanke shi da sabulu kafin ya taɓa wannan bakin.

Akwai ruwan da duk wannan bai shafe shi ba, sai dai a bar shi. Abin da ya narke a ruwa yana wuce mataci kamar babu shi: gishiri, kanwa, takin zamani, maganin feshi, dalma. Tafasawa ma ba ta fidda su. Ka guji kwatar da ke gangarowa daga gonakin noman rani, irin na kewayen madatsar Sabke, musamman inda ake wanke tankin feshi. Ka guji ramukan haƙar ma'adinai da ruwa ya taru a ciki. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga aikin zinariya ta fito, kuma ruwan da ke ɗauke da dalma ba ya canza kala. Tafkin da ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ko aka ga mataccen kifi a bakinsa, kada kai ko dabbarka ku sha. Wasu matatan suna da gawayi na musamman a ciki da ke rage wari da wasu sinadarai, amma ragewa ce kawai, kuma gawayin yana gajiya tun kafin zaren.

Tsargiya kuma ta fata take shiga, daga dodon koɗin da ke cikin ruwa mai kwanciya. Mutum zai iya tace ruwansa tsaf ya kamu saboda ya tsaya a tafkin har gwiwa yana ɗiba. Ɗiba daga tudu da guga mai igiya ya fi. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta.

In mataci ya lalace a hanya, tafasa ruwan. Ya tafasa sosai yana ɓulɓula minti ɗaya, wannan ya kashe bakteriya da bairos da sauran ƙwayoyin gaba ɗaya. In babu halin wuta, zuba ruwan da ya kwanta garau a farar gorar roba wadda ba ta wuce lita 2 ba, ka kwantar da ita a rana awa 6. Ranar hadari ko hazo mai kauri sai ta yi kwana biyu.

In kun dawo Daura, kada ka jefa shi a jaka a jiƙe, zai yi fumfuna ya yi wari. Wanke shi ta baya, ka bi da ruwa mai ɗan kilorin, ka yarfe, ka bar shi a buɗe a inuwa ya sha iska 'yan kwanaki. Ana gobe tafiya ka jiƙa shi ka tace gora ɗaya a gida, domin zaren da ya daɗe a bushe yakan ƙi jan ruwa da farko, kuma gara ka gano haka a tsakar gida kafin ku kama hanyar Baure.