Digirin saikoloji a jami'ar kuɗi: zai mayar da abin da aka kashe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatun saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, a wata jami'a mai zaman kanta, na kuma samu a ta gwamnati. Ni ta kuɗin nake so amma sai Baba ya ci bashi kafin ya iya biya. Burina in zama mai duba masu damuwa. Don Allah kuɗin zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Gaskiya in dai da bashi za a biya, ban ba ki shawara ba, kuma bari in faɗa miki dalili.

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne digirin farko a saikoloji ba ya ba mutum damar zama da mara lafiya yana yi masa magani. Rabin hanya ne. A Amurka yawancin jihohi sai kina da digirin dakta, wato digiri na uku, kafin a ba ki lasisi, kuma digirin yana cin shekara 5 zuwa 7 bayan digirin farko. A Ingila sai kin yi digirin da ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya (BPS) ta amince da shi, ki ƙara shekara 3 na dakta a ɓangaren asibiti, sannan ki yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista. Wasu ƙasashen mastas da horon asibiti sun wadatar, amma dai akwai zango na biyu, kuma shi ma kuɗi yake ci. To in aka ƙarar da ƙarfin gida gaba ɗaya a zangon farko, da me za ki yi na biyun, alhali shi ne yake buɗe ƙofar aikin da kike so? Wannan abin yana damuna sosai, don yara masu hazaƙa da yawa a nan suke tsayawa, ga satifiket a hannu ga bashi a wuyan iyaye, aikin da suka yi buri kuma bai samu ba.

Kar kuma ki haɗa masanin saikoloji da likitan ƙwaƙwalwa, shi wannan karatun likitanci ya yi, shi yake rubuta magani, albashinsa ma daban ne.

Za ki ji ana cewa ai ana buƙatar masu wannan ilimin, kuma haka ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan mutum miliyan 970 ke nan. Sai dai buƙata daban, wanda zai biya albashi daban.

Yanzu ga lissafin da nake so ki zauna ki yi da Baba, da biro da takarda. Ku rubuta kuɗin makarantar biyu na duk shekarun, har da masauki da littattafai da ƙarin da ake yi kusan duk shekara, ku cire na gwamnati daga na kuɗin. Wannan bambancin shi ne ainihin abin da kuke saye. Sai ki tambayi kanki me zai ba ni wanda ɗayar ba za ta ba ni ba. In amsar ita ce aji ba cunkoso, lakcara ya san sunanki har zai iya rubuta miki takardar shaida mai ƙarfi ranar neman mastas, akwai asibiti ko cibiyar da suke tura ɗalibai koyon aiki, kuma ana gamawa a kan lokaci, to waɗannan abubuwa ne masu daraja, wanda yake da hali ya biya ban ga laifinsa ba. In kuwa amsar ginin mai kyau ne da suna, wallahi bai kai a ci bashi ba. Ki je sashen da kanki ki tambaya, hukumar da ke kula da jami'o'i ta amince da wannan kwas ɗin? Malamai nawa ne na dindindin, nawa ne na aro? Waɗanda suka gama bara ina suke yanzu? In suka fara kame-kame kin samu amsarki.

Da digirin farko kaɗai ana samun aiki, a sashen kula da ma'aikata na kamfani, ƙungiyoyin agaji, makarantu, binciken kasuwa. Amma a irin waɗannan wuraren abin da yake sa a ɗauke ki shi ne kin iya ƙididdiga da tsara bincike, kin iya aiki da manhajojin nazarin alƙaluma irin su SPSS ko R, kin iya rubuta rahoto. Kwas ɗin ƙididdigar nan da ɗalibai suke gudu yana da amfani sosai wajen samun aiki, kuma ana koyonsa a kowace jami'a.

Don haka ni dai ki karɓi gurbin gwamnatin, ki dage ki fito da sakamako mai kyau, abin da Baba zai iya tarawa a ajiye shi don mastas. In kuma ranki yana kan ta kuɗin sosai, ki rubuta musu ki nemi tallafin karatu ko rangwame, ki tabbatar an ba ki a rubuce kuma na duk shekarun ne, ba na shekarar farko kaɗai ba, kafin Baba ya sa hannu a komai.