Ina son zama ma'aikaciyar jinya, amma Inna ce kaɗai ke ɗawainiyarmu

Ƙanwata, kin ce kina SS2 a wani ƙauye kusa da Gwaram, mahaifinku ya rasu, Inna da ƙuli-ƙuli take riƙe ku, ke kuma jinya kike son karanta. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa Inna da Aljanna.

Fara da darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kyamistiri da Fizis. Ana son kiredit a dukkansu a WAEC ko NECO, cikin zama ɗaya ko biyu. Kyamistiri da Fizis su suka fi kayar da ɗaliban ƙauye, don sau da yawa ba malami, ba ɗakin gwaji. Ki samo tambayoyin shekarun baya tun yanzu, ku haɗa kai ku uku ko huɗu kuna bita bayan La'asar.

Sai NIN, domin ba a rajistar JAMB sai da ita. A nan mutane ke tuntuɓe: sunanki da ranar haihuwarki su zo iri ɗaya a NIN, WAEC da JAMB. Harafi ɗaya ya saɓa, sai ki yi watanni kina bin gyara, kuɗin mota kuma daga jarin Inna zai fito. Ki karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri.

Kwalejin jinya ta Birnin Kudu ce kusa da ke. Idan ba a dace ba, akwai ta kiwon lafiya a Jahun.

Batun kuɗi, ku zauna da Inna ta shiga adashen da kwasarta za ta faɗo lokacin rajista. Kada a taɓa kuɗin sayen gyaɗa, don shi ke ciyar da gidan. Kawunnanki ma a sanar da su tun kafin kaka.