Gidan da zai riƙe ki, ba biyansa ake yi ba

Salamu alaikum 'yata. Saƙonki ya same ni lafiya. Kin ce a makarantarku an yi maganar 'yan sakandare da ake kaiwa Amurka su yi shekara guda a gidan wasu, kina so Gwaggonki ta Akra ta gaya miki ko gaskiya ne, kuma nawa ake biyan masu gidan.

Gaskiya ne. Shirin da aka fi sani shi ne YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, don a riƙa ɗauko yara daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa. An saka Najeriya a ciki, Gana ma haka, nan Gana kuwa ƙungiyar musayar ɗalibai ta AFS aka ɗora wa kula da shi. Jarrabawa ake yi da ganawa, ba a sayen gurbi. Duk wanda ya ce wa babanki ya kawo kuɗi zai saka sunanki, ɗan damfara ne.

Masu gidan kuwa, ko sisi ba a ba su. Abin da hukumar Amurka ta yarje musu shi ne su cire dala 50 kowane wata daga kuɗin da ake lissafa musu haraji, abin da bai kai cefanen mako ba. Su ne za su ba ki gado naki na kanki, da abinci sau uku, da wurin karatu. Kafin a amince da su sai an zo an ga gidan, an bincika tarihin duk baligin da ke kwana a ciki. Wato mutum ya buɗe ƙofarsa a yi masa tonon silili don ya ciyar da 'yar wani kyauta. Samun irin waɗannan mutane shi ne babban aikin, kuma ni na ɗanɗana.

Su ma Amurkawa suna turo nasu yaran nan Gana. Wata malama maƙwabciyata da ke aikin sa-kai ta roƙe ni in taya ta neman gida ga wata yarinya 'yar shekara 16. Na ce mata wannan ai kamar an yi an gama. Mu fa 'yan zango ne. Kakannin mutanen nan fatake ne masu safarar goro, kowane falke yana da mai masaukinsa, sunan unguwar ma daga nan ya fito. Kullum muna cewa baƙonka annabinka.

Sati uku na yi ina yawo. A unguwannin Nima da Mamobi, tambayar farko ita ce, "Nawa za su bayar?" Ban ga laifinsu ba, iyali takwas a gida ɗaya, kowa ciki da falo, banɗaki na haɗaka, ruwa sai an sayo a jarka. Wata ta ce mini da zuciya ɗaya take so, amma kunya ba za ta bar ta ta ajiye wa Baturiya tuwo da miyar kuka ba. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne alhazan da Allah ya buɗa wa, suka koma gidajen bene da ɗakuna a kulle. Ɗaya ya ce ba zai ɗauki amanar 'yar mutane ba, in wani abu ya same ta fa? Kafin in tashi kuma sai ya tambaye ni yadda za a yi nasa ɗan ya samu tafiya. Na dai sha ruwana na yi sallama.

A ƙarshe wata malamar firamare ce a Madina, mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya mata uku, ta ce a kawo ta, inda uku suka ci ta huɗu ma za ta ci. Yarinyar ta saba da turoturo, motar hayar nan Gana, ta saba da koko da ƙosai da safe, wake da shinkafar nan ta Gana kuwa har ganye take suɗewa. Rigimarsu ɗaya ce, kuma ita nake so ki riƙe. Idan ta dawo makaranta sai ta wuce ɗaki ta rufo ƙofa, ba gaisuwa. Uwar gidan ta ɗauka raini ne. Ita kuwa a wurinsu haka mai gajiya yake yi, ba ya takura wa kowa. Sai da aka zaunar da su kafin kowa ya gane.

Ke ma za ki tafi da naki al'adun. Za ki sunkuyar da kai idan babba na magana, su ɗauka ɓoye wani abu kike. Za a ce ko kin ƙoshi, kara ta sa ki ce e, su kuwa ba za su sake tambaya ba, ki kwana da yunwa. Don haka a takardar neman ki rubuta komai ɓaro-ɓaro: ba kya cin naman alade, kina salla biyar, kina azumi, kina sa hijabi. Maganar kare ma ki yi tunaninta tun yanzu, gidaje da yawa can da kare ake kwana a falo. Wasiƙar da za ki rubuta ita iyalai ke karantawa su zaɓa, kada ki bari wani ya rubuta miki da Turancin da ba naki ba. Kuma kada ki sa rai da Niyok, ƙila ƙauye ne mai gonakin masara, inda za ki wanke kwano ki share ɗaki kamar 'yar gida. In zama ya ƙi daɗi, akwai jami'in da aka ɗora wa tuntuɓarki duk wata, ana kuma iya sauya gida.

Ki nuna wa babanki wannan, zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, don na san tsoronsa ya fi naki. Ki gaishe da mamanki, ki ce mata daddawar da ta aiko ta ƙare.