Yadda ake tsabtace ƙasar tsohon filin koyon harbi na soja

Ka tambaya ko kwashe harsasan da ke sama ya wadatar kafin a yi gini ko noma a wurin. Bai wadatar ba.

Da farko, kada a sa ko shebur a ƙasa sai ƙwararru sun bi filin da na'urar gano ƙarfe sun cire duk abin da bai fashe ba. Sannan a ɗebi samfur, musamman daga tudun da ke bayan abin hari, domin nan dalmar harsasai ta fi taruwa. Na'urar XRF ta hannu, mai auna ƙarafa a cikin ƙasa, tana nuna yawanta nan take, amma a tabbatar a ɗakin gwaji. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta rage ma'aunin binciken dalma a ƙasar gidaje daga miligiram 400 zuwa 200 a kowane kilo.

Ana haƙe tudun, a tankaɗe da rariya, a tura dalmar wajen masu narkarwa. Matsalar tana cikin lallausar ƙasar da ta zube, don harsashin da ya shekara a ƙasa mai tsami yakan ruɓe ya zama gari. Ita ake wankewa ko a gauraya da sinadarin fosfet ya ɗaure dalmar.

A nan ake yawan kuskure. Harsashi yana ɗauke da antimoni, wani sinadari mai guba, kuma fosfet da farar ƙasa da ake zubawa don ɗaure dalma suna iya sakin antimonin ya gangara cikin ruwan ƙasa. Shi ya sa ake ƙara sinadarin ƙarfe don ya riƙe shi, a fara gwadawa a ɗan samfur.

A riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. Idan an taɓa harba gurneti ko igwa a wurin, a auna sinadaran fashewa TNT da RDX a rijiyoyin gwaji.